Idon da Ban Duba Ba

Daga Toranke har Gaya, in ka ga mutumin da ciwon shawara ya taɓa kayarwa ya tashi, tambaye shi wa ya ja masa fatar ido, zai ce maka Baiwa. Ni ce Baiwa. Ba yabon kai nake yi ba, in ka ji ƙarshen maganata za ka san ba ni da bakin yin sa.

Sana'ata guda ce, a wurin kakata na gaje ta tun muna ruga, kafin mu ajiye sanda mu kama fartanya. Saiwar rawaya nake haƙowa. Da rani, bayan an ƙone daji, furenta yakan fito a ƙasa, ba ganye ba kara, kamar wani ya zubar da garin ɗorawa a kan toka. Nan nake kafa dagi in tono saiwar, in fere, in shanya a inuwa, in daka. Ba ta kashe ciwo, wannan kakata ta faɗa mini tun ranar farko. Hanta take tallafa wa. In mutum ya ji rauni, raunin ya ruɓe, dafinsa ya shiga jini, to hanta ake labta wa kayan kamar jakin gida. In ta fara gajiya kuwa a ido take nunawa. Kafin kowa ya lura, akwai wani ɗan ruwan ɗorawa da yake fara kwanciya a can ƙasan farin ido, inda fata ta rufe. Shi nake nema. Sai in fito da mutum cikin hasken hantsi, in zaunar da shi a kan wani tsohon turmi da na kife a ƙofar ɗakina, in kama haɓarsa, in ja fatar idon da babban yatsa, in ce ya dubi sama. Wanda na kama a wannan gaɓar, sau da yawa Allah yakan tashe shi. Wanda aka kawo mini idon ya riga ya rine gaba ɗaya, nakan ba shi jiƙon, amma nakan faɗa wa danginsa gaskiya. Ban taɓa yi wa mai ciwo ƙarya a kan idonsa ba sai sau ɗaya.

Saboda haka ina da doka, kuma duk ƙasar nan an san ni da ita: ba na ba da magani a kan labari. Mace za ta zo ta zauna ta zayyana mini yadda mijinta yake kwance a gida, in bar ta ta gama, in ce, "Ɗauko shi, ko ki kai ni. Gani ya kori ji." Wani attajirin gyaɗa a Ajingi ya taɓa aiko mini da ƙwaryar goro a kan in aika masa da garin, na mayar masa da goronsa na ce idonsa nake so. Ya yi fushi na kwana biyu, a na uku ya hau doki ya zo.

Shekara uku bayan an sami mulkin kai aka kawo wani malamin asibiti Gaya, Malam Hadi, siriri mai tabarau, wanda in ya gaisa da kai sai ya je ya wanke hannu. Da farko ba ma ga maciji da shi. Shi yana kiran maganina ruwan itace, ni ina kiran allurarsa ƙaya. Kabo mahaucin garin Balan ne ya shirya mu, ba da saninsa ba. Sa ya soke shi a cinya, wurin ya ruɓe, aka kawo mini shi jikinsa kamar garwashi. Na kama idon da wuri, na ba shi rawaya, amma zazzaɓin ya ƙi sauka. Da na ga haka na haɗiye girman kaina na sa aka ɗora shi a jaki, na bi su a ƙasa har Gaya. Malam Hadi ya yi ta soka masa allura, ni kuma ina ɗura masa jiƙo safe da yamma. Kabo ya tashi, yana nan har yau yana cusa wa mutane ƙashi a cikin nama.

Tun daga nan muka fahimci juna. Malam Hadi ya ce shi bai san abin da ke cikin saiwata ba, ba kuma zai rantse a kanta ba, amma ya lura duk wanda ya fito daga hannuna da wuri yake iso masa. Ni kuma na ce masa allurarsa ce take korar ɓarawon, nawa aikin in tokare katangar kada ta faɗi kafin ɓarawon ya fita. Ya yi dariya, ya je ya wanke hannu.

Ina da ɗa. Ɗan farina ne, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu a cikin abin da na haifa. Sunansa Datti. Ka ji na faɗa ba gargada, amma shekara ashirin da tara yana duniya bakina bai taɓa furta wannan sunan ba. Sai da ya daina amsawa na koya.

A wurinmu mace ba ta kula ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta kallon fuskarsa, balle a gaban mutane. Hausawan da muka zauna a cikinsu su ma suna yi, amma mu da muka fito daga ruga mun riƙe abin kamar da shi za a shiga Aljanna. Ni kuwa ko a cikin masu yi na yi fice. Shekara biyu ina shayar da shi fuskata tana bango, uwar mijina tana zaune tana lura ko zan saci kallo. Da aka yaye shi ta ɗauke shi zuwa rugarsu kusa da Balan. Ita yake kira Inna, ni kuma Adda, kamar wata yayarsa.

Yana da shekara bakwai aka kawo shi Toranke yawon salla, ya bi mu rijiya, ya zame a kan dutse ya fasa idon sawu. Jini yana zuba, yana kuka yana duban inda nake. Na gyara tuluna a ka na wuce ta gefensa. Wata ce ta ɗauke shi. Ranar na kasa cin tuwo, amma kafin yamma labarin ya zaga gari, mata suna cewa kunya dai sai Baiwa. Ba zan ɓoye maka ba, yabon ya yi mini daɗi. Maƙwabciyata Hure, wadda muka taso tare, ita ce marokiyar kunyata. Duk amaryar da ta yi haihuwar fari sai Hure ta je ta ba ta labarin rijiya.

Kada ka ce ba na son sa. Da mahaifinsa Bubayero ya rasu, Datti ya dawo Toranke ya karɓi gonar, ya auri Hansai 'yar Balan, suka zauna a sashen gabas na gidanmu. In na dama fura nakan tsame man da ya fi kyau in miƙa wa Hansai in ce ya yi mini yawa. Ita ma ta san wanda ake nufi. Kullum da safe zai zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina ya ce, "Adda, ina kwana," ni kuma in sunkuyar da kai in amsa wa ƙasa. Don haka abin da na sani nasa ƙafa ne. Na san yatsansa na biyu ya ɗara babban tsawo. Na san tabon rijiya a idon sawun hagu. Na san watan da kaushi yake fara tsaga masa diddige. Da za a jera mazan Toranke a bayan zana, ƙafafunsu kawai a waje, ba zan yi kuskure ba.

Muna da hanyar hirarmu ma. In ina da magana da shi sai in faɗa wa kaza, ko akuya, ko duk abin da yake kusa, shi kuma ya amsa a madadinsu.

A kakar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, gyaɗa ta yi kyau. Ruwa ya ɗauke da wuri, kowa yana rige-rigen cira kafin ƙasa ta bushe ta riƙe 'ya'yan. Wata safiya Datti ya zo gaisuwa na ga ƙafar dama a ɗaure da tsumma. Fartanya ce ta zame ta sare shi a bayan ƙafa, haka na ji Hansai tana faɗa wa wata. Na dubi wata kaza da take tono a tsakar gida na ce, "Mai rauni a ƙafa dai ba ya taka taki, ba ya kuma shiga gona."

Ya yi dariya. "Kaza ta ji, Adda. Amma ta ce gyaɗa ba ta jira."

Na ba Hansai ganyen sabara na ce ta dafa a riƙa wanke wurin. Ban sa an kwance tsumman na gani ba. Ya ci gaba da zuwa gona yana ɗingishi.

A kwana na huɗu bai zo gaisuwa ba. Hantsi ya yi, muna zaune da Hure muna ɓarar gyaɗa, ga wasu mata uku da suka zo daga ƙauye suna jiran in duba musu tsohuwarsu, sai ga Hansai. Cikinta wata bakwai a lokacin. Ta durƙusa da ƙyar ta gaishe ni, ta gaishe su, tana murza bakin zani.

"Inna, jikin nasa da zafi," ta ce. "Sai rawar ɗari yake ta yi. Kuma kaluluwa ta fito masa."

Mace ba ta kiran sunan mijinta, balle a gaban uwarsa, don haka "nasa" ɗin ya isa. Na san kaluluwa, na san abin da take bi. Amma na ji idon Hure a kaina, tana murmushi tana jiran baƙin nan su ga abin da ta daɗe tana ba da labari.

Na ce, "Jikin wa? Maza ai suna da yawa a garin nan."

Matan suka kwashe da dariya. Hure ta ce musu, "Ba na faɗa muku ba? Ɗan farinta ne fa ake magana."

Na tashi na shiga ɗaki na ɗebo ɓawon maɗaci na miƙa wa Hansai. "Kai wa mai zazzaɓin, ko wane ne."

Ta karɓa, amma ba ta tashi ba. "Inna, ko za ki..."

"Ko zan me?"

"Ba komai, Inna."

Ka ga abin da na yi? Ni da na mayar wa attajiri goronsa, na ba da magani a kan labari, ga mutumin da tsakanin ɗakina da nasa bai kai taku talatin ba. Daga baya Hansai ta gaya mini tun ranar ta ga kamar idonsa ya sauya. Ba ta faɗa ba, don a tunaninta wadda take ganin idon duniya ba za a koya mata na ɗanta ba. Ta ɗauka na riga na gani ta wata hanyar, ina da abin da nake jira.

A kwana na bakwai ya fito. Na ji ƙarar sanda tun daga sashensu, ana dogarawa ana hutawa. Hure tana nan kamar kullum, kwandon gyaɗa a tsakaninmu. Bai tsuguna a ƙofa yadda ya saba ba. Ya wuce ya zauna a kan turmin nan da na kife, inda hasken hantsi yake sauka.

"Adda, ina kwana."

"Lafiya lau," na ce wa gyaɗa.

Ƙafar tana gabana. Ta kumbura har fatar tana ƙyalli, tsumman ya jiƙe, wani jan layi ya taso daga idon sawu ya nufi gwiwa. A raina na ce jibi kasuwar Gaya, motar gyaɗa za ta zo bakin hanya, in Hure ta tafi zan kira Hansai in ce a kai shi wurin Malam Hadi. Har na ji na yi dabara.

Ya daɗe a zaune. Numfashinsa nake ji, gajere gajere. Can ya ce, "Adda, kwanan nan rana tana damun idona."

Hure ta taɓa ni da gwiwar hannu a hankali. Na fasa gyaɗa ɗaya, na fasa ta biyu. Na ce, "Wanda rana ta dama ai inuwa yake nema."

Ya jawo sandarsa. Sannan ya ce, "Haka ne, Adda."

Ya ɗauki lokaci kafin ya iya miƙewa. Ina kallon ƙafar mai lafiya tana rawa, ina kallon gindin sandar yana neman wurin kafuwa a ƙasa. Ya juya, ƙarar sandar ta yi ta nisa har ta shige sashensu. Hure ta girgiza kai ta ce, "Ke dai Baiwa, ba a yi irinki ba."

Wannan safiyar ce take hana ni sakat har yau. Shekara da shekaru yana ganin inda nake zaunar da mutane. Ya san turmin, ya san lokacin da hasken yake yi mini daidai. Shi ma ɗan ruga ne, ba zai iya buɗe baki ya ce wa uwarsa dube ni ba. Sai ya jawo ƙafar nan kusan taku talatin ya kawo mini idonsa har inda nake aiki, ya faɗi iyakar abin da kunya ta bar shi ya faɗa. Tsakanin fuskata da tasa bai fi kamu biyu ba. Abin da ya rage kawai in ɗaga kai.

Kuma kafin rana ta take, a kan wannan turmin, aka kawo mini wani baƙo daga Ajingi da ƙusa ta soka. Na kama haɓarsa, na ja fatar idonsa, na ga abin yana farawa, na ba shi rawaya na tura shi Gaya a ranar. Mutumin nan yana raye, duk shekara yakan aiko mini da damin gero.

Ban kira Hansai da yamma ba. Hure ba ta tafi ba sai magariba, daga nan na ce gobe. Washegari na aika da saƙon ta bakin wata ƙanwar mijina, na ce a faɗa wa mutanen sashen gabas akwai mota gobe.

Ranar kasuwar, kwana na tara, hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga Hansai a guje, da cikin nan nata, ba kallabi, ba sallama, ba durƙuso. Ta tsaya a kaina.

"Inna, Datti! Datti nake faɗa miki, ɗanki! Bai san wanda yake kansa ba!"

Hure ta ce, "Subhanallahi, yarinya, a gaban surukarki kike..."

Ban ji ƙarshen maganarta ba. Na tashi, kwandon ya kife, na taka gyaɗar na wuce. Ban taɓa shiga ɗakinsa ba sai ranar. Warin raunin ne ya fara tarbata. Yana kwance a tabarma yana surutai, yana kiran sunayen shanun kakarsa da suka mutu tun yana yaro. Ɗakin da duhu, na ce wa Hansai kama can, muka ja tabarmar har bakin ƙofa inda haske yake.

Na durƙusa na kama haɓarsa. Ban san gemunsa yana da laushi haka ba. Na ɗaga babban yatsana zan ja fatar idon, sai na ga babu bukata. Duk farin ya tafi. Ya rine gaba ɗaya, har ya fara komawa kore a gefe, irin wanda nakan kira dangi gefe in faɗa musu gaskiya.

Hasken ya sa ya ɗan dawo hayyacinsa. Ya dube ni, ni ma ina dubansa, kuma babu wanda ya kau da kai a cikinmu.

"Adda," ya ce, "kin duba?"

"Na duba."

"Yaya?"

"Da sauƙi," na ce.

Na jiƙa rawaya mai kauri na tallafi kansa na ba shi. Ya haɗiyi kurɓi uku don ya faranta mini, ya dawo da su. Maza suka ɗora shi a amalanken shanu zuwa bakin hanya, muka samu motar gyaɗa, aka shimfiɗe shi a kan buhuna. Na ɗora kansa a cinyata a gaban 'yan kasuwa maza da mata, waɗansu 'yan garinmu ne, sun san ko ni wace ce. Ina ta jiran wani ya yi dariya. Babu wanda ya ko dube ni da mamaki, wata ma mayafinta ta ciro ta tare masa rana. Ashe abin da na shekara ashirin da tara ina tsoro ke nan.

Da azahar muka isa Gaya. Malam Hadi ya kwance tsumman, ya dubi ƙafar, ya dubi idon, ya yi masa allura nan take. Sannan ya kira ni bakin baranda.

"Baiwa, kwana nawa?"

"Tara."

"Daga wane ƙauye aka kawo miki shi?"

"A gidana yake. Ɗana ne."

Ya cire tabaransa ya riƙe a hannu. "Na Ajingi da kika turo mini shekaranjiya, kwanansa uku."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce allurarsa ba za ta isa ba yanzu, sai babban asibiti a Kano, ya kuma tafi tasha da ƙafarsa neman motar da za ta ɗauke mu. Kafin ya dawo, ana kiran la'asar, Datti ya cika a kan cinyata. Ni na shafe masa idon.

A zaman makoki ban yi kuka ba. Wannan karon ba kunya ba ce, hawayen ne suka ƙi zuwa. Ina zaune sai na ji Hure a bayana tana faɗa wa matan Balan, "Kun gan ta? Ko ɗigo. Kunyar Baiwa har kabari." Na juya a gaban kowa na ce ta tashi ta fitar mini daga gida. Wata shida ba mu yi magana ba. Daga baya ni na je na same ta, don in za a faɗi gaskiya Hure ba ta riƙe mini wuya ba. Kaina ne, a kan wuyana yake, ni na ƙi ɗaga shi.

Malamai sun yi mini nasiha, sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ajali ba ya wuce lokacinsa. Ban kuma sani ba ko da na duba a ranar turmi zai tashi. Na sha kama mutane da wuri, aka yi allura aka sha rawaya, suka tafi duk da haka. Ba wannan ne yake cina ba. Abin da yake cina shi ne ɗana ya dogara sanda ya koma ɗakinsa a ranar, yana sane da cewa ya roƙi uwarsa abin da take yi wa baƙo a banza, ta tura shi inuwa.

Wata biyu bayan haka Hansai ta haihu, mace, aka sa mata Kulu. Haihuwar fari ce a wurinta. Ranar kwana uku na shiga ɗakin na tarar tana shayar da jaririyar fuskarta tana bango, mata suna zaune suna yaba mata. Na sa hannu biyu na kama kanta na juyo da shi.

"Dube ta."

"Inna, mutane..."

"Mutanen su zo su same ni."

An yi ta gulmata a Toranke, aka ce mutuwar ɗa ta taɓa wa Baiwa kai. Na bar su da bakinsu. Da aka yaye Kulu, Hansai ta yi wani auren a Balan, ta bar mini ita. Takan zo duk sallar azumi, kuma in ta zo da sunanta take kiran 'yarta.

Kulu yanzu shekararta shida, baki gare ta kamar reza. Rannan da hantsi ina dakan rawaya ta shigo daga gidan Hure da gudu, ta tsaya a gabana tana haki.

"Kaka, Goggo Hure ta ce idona irin na Babana ne sak. Wai haka ne?"

Na ajiye taɓarya. Na zaunar da ita a kan turmin, na kama haɓarta. Idon manya ne, farinsu tas kamar nono, gashinsu zara-zara. Na yi ta kallo ina lalube a cikin kaina ko zan samu wani abin da zan gwada su da shi. Na duba idon mutum ya fi dubu a rayuwata, wasu har yau zan iya zana maka su. Nasa sau ɗaya na gani, kuma ranar ba nasa ba ne, na ciwo ne.

Na ce, "Miƙo ƙafarki."

Ta miƙo tana dariya. Yatsa na biyu ya ɗara babban tsawo. Na riƙe ƙafar a hannuna na daɗe.

"Ƙafar dai tasa ce," na ce.

"Kaka, ido fa na tambaye ki."

Na ce, "Shi kam sai dai ki koma wurin Hure. Ita ta gan shi."